Makon Awon Kawuna

Ɗana shekararsa huɗu, kuma har yau bai fara magana ba. Injiniya muke ce masa, saboda in ya shiga shagon ɗinkin babansa sai ya kwaso zare ya jera a ƙasa launi-launi, tun daga bakin ƙofa har gindin keken ɗinki, kuma wanda duk ya taɓa layin nan ya ja wa unguwa kuka. Likita ta ce otizim ne, wata lalura da ke taɓa maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, ta yi mana bayani, muka karɓa, muka ci gaba da kai shi asibiti.

A zuwanmu na ƙarshe ni kaɗai na kai shi. Likitar ta lallaɓa shi ta zagaya masa tef a kai, ta duba, ta sake zagayawa. Ni dai na san mutum ba ya auna abu sau biyu a banza.

"Kansa ya fi na sa'o'insa girma sosai," in ji ta.

Na ce, "Likita, ruwa ne a ciki? Ko ƙari?"

"Kada ki yi nisa. Ana samun yara masu otizim da manyan kawuna, kuma sau da yawa in aka duba sai a ga gado ne, uwa ko uba haka suke. In a gida ya ɗauko, da sauƙi. In kuwa babu mai irinsa, sai mu hanzarta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa." Ta dubi tulin kitson da ke kaina. "Da yanzu zan auna ki, amma wannan zai ɓata awon. Ki tsefe kafin ku dawo mako mai zuwa, ki zo da babansa."

Na ce mata ta huta da kaina, mu a gidanmu ƙananan kawuna gare mu, cif-cif, kamar yadda kullum nake yi wa maigidan gori. Dangin mijina ne abin dubawa. Shekara nawa ina kallon ƙeyar mutanen nan a wajen taro ina haɗiye dariya.

Ban taɓa zaton zan roƙi Allah ya ƙara wa surukaina girman ƙoƙon kai ba, amma addu'ar da na yi ke nan a mota har gida.

Maigidan yana jin bayani ya zare tef daga wuyansa. "Awo? Sai mun jira mako guda a kan awo? Maman Injiniya, da me kike zaton nake ciyar da ku?" Ya tsaya gaban madubin shago ya naɗa wa kansa, ya juya tef ɗin ta gefen santimita yadda likita ta ce, ya ƙanƙance ido. "Sittin!"

Likita ta ce mini namiji in ya haura hamsin da tara, ya shiga sahun manya. Na daka tsalle na rungume shi a gaban mai kawo gyaran wando, ban ko ji kunya ba.

Kafin yamma labari ya karaɗe dangi. Ƙaninsa mai babur ne ya fara zuwa, hular kwano a hannu, wadda kullum yake kukan tana cin masa kunne. Ya zauna a kan benci kamar mai jiran aski.

"Sittin da ɗaya!" in ji maigidan.

Ƙanin nan ya miƙe ya zagaye shago yana ɗaga wa mutane hannu. "Matar yaya, kin ji ko? Daga yau in za ki gaishe ni ki rusuna."

"Zan rusuna, mijina ƙarami, don in ga ko akwai wani abu a cikin rumbun."

Surukata kuwa, wadda tun da aka ce yaron yana da otizim take cewa su a zuriyarsu ba su san wannan abu ba, sai ga ta da kanta a keke mai ƙafa uku. Ta kore maza waje, ta zame ɗankwali, ta ce wa ɗanta, "Auna da kyau, kada ka rage mini ko ɗigo." Da ta ji lambarta ta gyara zama ta fara tarihi: ashe mahaifinta ba ya samun hula a kasuwa, sai an ɗinka masa, ashe kakanta in ya leƙa taga sai ɗaki ya yi duhu. Na ce, "Inna, ai ban taɓa jin wannan ba." Ta ce da can ba a tambaya ba ne.

Haka muka yi mako guda. Shago ya koma kamar wurin rigakafi. Yayyen maigidan, 'ya'yan kawunsa, har maƙwabcinmu mai gyaran waya da ba mu haɗa komai da shi ba, ya ce a taimaka a auna shi don ya san matsayinsa. Wanda ya samu babbar lamba ya fita yana taku ɗaiɗai, wanda ya samu ƙarama ya ce tef ɗin ya miƙe da tsufa. Ni ce mai tafi da guɗa, ni ce mai raba sunaye: wannan Tukunya, wancan Kabewa. Injiniya yana ƙasa yana jera zarensa, bai ko ɗago ya dubi masu yi masa hidima ba. In tsoron ya taso mini ina cikin wanke-wanke, sai in tuna sittin da ɗaya in ji ya kwanta.

Ranar komawa na tsefe kitson ina mita, don dai likita ta ce. Muka shiga ofishinta baki har kunne. Maigidan ko zama bai yi ba ya fara zubo lambobi da ka, na uwa, na ƙani, na yayye.

Likitar ta ɗaga gira. "Dukkanku? Zauna in gani."

Ta ɗaure masa tef ɗinta tamau, daga goshi zuwa tudun ƙeya. "Hamsin da bakwai. Daidai da na kowa."

"Haba Likita! Sittin ne."

"Nuna mini yadda ka auna."

Ya karɓi tef ya naɗa, sannan, kamar yadda ya yi wa kowa a gabana ban lura ba, ya zura yatsu biyu a ƙarƙashi.

"Yatsun nan fa?"

"Sarari ne. Ai ba a awo babu sarari, Likita. In hula ta matse mutum, ni zai zaga."

Likitar ta kifa kai a tebur tana dariya. Ni kuwa lissafi na shiga yi. In aka cire yatsu biyu daga kan kowa, babu Tukunya, babu Kabewa, ba kowa sai mutane masu kawuna irin na mutane. Na dubi ɗana, yana tsaye yana jera ƙarafunan matse takarda a gefen tebur, da kan nan nasa mai nauyi a kan siririn wuya. Tsoron da na kora mako guda ya dawo gaba ɗaya.

"To yaushe za a ɗauki hoton?" na tambaya.

"Tukuna. Saura ke."

"Likita, ɓata lokacinki za ki yi."

"Zame mayafin."

Tef ɗin ya yi sanyi a goshina. Ta duba. Ta kwance, ta danne gashin da tafin hannu, ta sake ɗaurewa.

"Hamsin da tara," ta ce. "Ga mace, wannan babba ne ƙwarai. Kin fi mijinki."

Sai maigidan ya saki wata ƙara kamar tayar da ta fashe, ya dafa bango, ya zame har ƙasa. "Cif-cif!" yake cewa yana share hawaye. "Wayyo cikina! Bari Inna ta ji!"

Likitar ta bari ya lafa, sannan ta yi mana magana a nutse. Ta ce wannan bai cire otizim ba, kuma babban kai ba shi ke kawo shi ba. Ta ce za ta so a ɗebi jininsa da nawa, domin akwai ƙwayoyin gado da kan taɓa girman kai da otizim tare, kuma gara a sani. Amma yaron ba ya amai, tafiyarsa lafiya, kan yana girma a kan layinsa tun yana jariri, ga kuma inda ya samo shi zaune a gabanta. Ba ta ga abin gudu zuwa ɗakin hoto ba.

Muna fita na kira mahaifiyata a waya na faɗa mata. Ko mamaki ba ta yi ba. "Sai yau kika sani? Don me kike zaton tun kina ƙarama nake zubo miki kitso ta goshi? Ni da na haife ki ai ba sai an ba ni tef ba."

Na zauna a bencin baranda ina dariya, sai dariyar ta juye kuka. Maigidan ya tsorata ya tsuguna. "Haba Maman Injiniya, wasa nake. Wallahi girman kan bai fito ba, mayafi yana rufewa."

Ba wannan ne ya sa ni kuka ba. Yaron nan idon babansa ne, hannun babansa ne, shagon babansa yake so. Bai taɓa ce mini Mama ba, in na rungume shi zillewa yake, har nakan kwanta ina tunanin ko akwai abin da ya ɗauka daga jikina ban da nono. Ga shi abin da ya fi ba ni tsoro a jikinsa ashe ni na ba shi, kuma na yi shekara talatin da wani abu ina yawo da irinsa lafiya lau.

"Nawa ne," na ce wa maigidan, ina jan majina. "Ka je ka faɗa wa danginka su daina raba shi tsakaninsu. Kan nan nawa ne."