Igiyar Ƙofar Saniye

Tun daga tasha Nezihe take gaba, mijinta Hulusi na biye, suna hawa lungunan Safranbolu. Ita tafe take kamar jiya ta bar garin. Shi kuwa mutumin Izmir, wanda bai saba da tudu ba, sai haki yake, yana fakewa da kallon gidajen nan masu farin bango da tagogin katako don ya samu ya huta.

"Haba Nezihe, a hankali mana. Yayar taki ba guduwa za ta yi ba."

Abin da take tsoro ke nan kuwa. Rabonta da yayarta Saniye tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba da daɗi suka rabu ba. 'Yar magana ce kan wa ya fi yi wa tsohuwa hidima, amma ta ƙi mutuwa. Da Nezihe ta buga waya ta ce tana tafe, amsar Saniye ba ta wuce "To" ba. Wannan "to" ɗin kuwa ta juya shi a ranta har ya gaji.

Duk da haka garin ya yi mata daɗi. Ƙamshin burodi na nan inda ta bar shi, maƙera na ta bugu a kasuwa, har ta saya wa yayarta alewar lokum mai laushi, don haƙoran Saniye ba su da ƙarfi tun tana budurwa.

Suna karya kwana ta tsaya cik. Ga ƙofar gidan ubanta, mai ɓari biyu, kowane ɓari da zoben ƙarfe. An zura igiya cikin zobban, an ɗaure tam, ƙulli kan ƙulli. Duk ɗan garin ya san karatun nan: ƙulli ɗaya sako-sako, masu gida na maƙwabta, yanzu za su dawo. Wanda aka tamke haka kuwa, an yi nisa, kada ma ka jira.

"Ta tafi," in ji Nezihe. "Ta san ina zuwa, shi ya sa ta tafi."

"Igiya ce ta gaya miki? Bari in buga."

"Kar ka soma. Ba a buga ƙofar da aka ɗaure, rashin kunya ne. Ka zo garin mutane, ka yi yadda suke yi."

Ta zauna a kan dakalin dutse na tsallaken hanya, kwalin alewa a cinyarta. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Hulusi ya zauna gefenta.

Suna nan sai ga ayarin masu yawon buɗe ido. Wani mai gajeren wando ya kama zoben ƙofar yana murmushi a ɗauke shi hoto, yana ta ƙoƙarin ya buga, igiya ta hana shi. Tagar bene ta buɗe, wani kai mai farin ɗankwali ya leƙo.

"Ɗana, gidan mutane ne, ba gidan tarihi ba. Sakar min ƙofa, don Allah."

Sai idon Saniye ya sauka a kan dakali. Ta daɗe tana kallo.

"Nezihe? Me kike yi a can kamar mai talla?"

"Yaya, ai na ga kin ɗaure..."

"Na ɗaure saboda waɗannan ne. Daga safe har yamma ƙwanƙwasa, da wannan gwiwar tawa zan riƙa sauka? Ta ƙofar lambu nake fita. Ke yanzu a duk garin nan akwai wanda ya rage yana karanta igiya in ba ke ba?"

Hulusi ya fashe da dariya. Saniye ta harare shi daga sama.

"Kai kuma ɗan Izmir, da ƙaton hannunka ka kasa buga ƙofa?"

"Hana ni aka yi, Yaya."

Nezihe na dariya tana share ido da gefen ɗankwali. Ta tsallako, ta sa hannu a ƙullin, ya ƙi kuncewa.

"Bar shi, ki zagayo ta lambu," in ji Saniye, muryarta ta sauko. "Tun asuba nake a tagar nan, na tashi in duba tukunya ke nan kika iso. Ni ma ai na ɗauka kin fasa zuwa."