Kifin da Ya Jira Juma'a

Babu wanda ya san teku a Suleja kamar Alhaji Bamalli. Shekara ashirin da biyu yana sayar da kifin ƙanƙara a bayan babbar kasuwa. Ya san watan da kifin titus ke ƙiba, ya san ƙasar da kifin kote ke fitowa, ya san irin iskar da ke sa jirgin ruwa ya makara. Tekun ne dai bai taɓa gani ba. Sau ɗaya ya je Legas, lokacin da motarsu ta hau doguwar gada kuwa barci yake yi.

Duk shekarun nan a hannun dillalan Legas yake saro kaya, katan ɗari, katan ɗari biyu, kamar kowa. Hakan bai taɓa damunsa ba sai ranar da Yahaya ya shigo da kwantena.

Yahaya ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, tun suna yara Bamalli ke kiransa bawa kamar yadda ɗan namiji ke kiran ɗan mace. Ɗakin sanyinsa yana tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Wata Litinin tirela ta tsaya a gabansa ɗauke da farar kwantena, injin sanyi na gurnani a goshinta, kifi kai tsaye daga Norway, da sunan Yahaya a takarda. Masu keke suka rage gudu. Mata masu suyar kifi suka tsallaka titi, har da waɗanda Bamalli ya je sunan 'ya'yansu.

Shi ma ya tsallaka, don zumunci.

"Bawa, wa ya ara maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, ai abin bawa na ubangidansa ne," in ji Yahaya. "In sa a kai maka katan biyu ka ɗanɗana?"

Bamalli ya yi dariya sosai har da dafa kafaɗa. Da ya koma gida bai ci tuwo ba.

Kafin wata ya ƙare ya sayar da filinsa na hanyar Madalla, ya samo wani wakili a Legas mai suna Nnamdi wanda ke da takardun shigo da kifi. Kwantenar Yahaya ƙafa ashirin ce, saboda haka ya ce a nemo masa mai arba'in.

"Alhaji, harkar nan abu ɗaya ce," Nnamdi ya ce masa a waya. "Kada sanyi ya yanke. A jirgi tana jone da wuta, a tasha tana jone, a kan tirela akwai janareta. Digiri goma sha takwas ƙasa da sifili, tun daga can har ƙofarka."

"Kana koya wa kaka cin tuwo," in ji Bamalli.

Kifin ya yi kwana talatin da biyar a teku, ya yi mako biyu a tashar jirage, ya yi kwana uku a hanya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Suleja ba suka yi ta duba sanyinsa safe da yamma. Ranar Talata da hantsi direban tirelar, Amos, ya kira daga Zuba ya ce saura minti ashirin.

Bamalli ya leƙa tsallaken titi. Kujerar Yahaya ba kowa. Ya aika a tambaya, aka ce ya tafi Kano ɗaurin aure, sai Juma'a da safe.

"Amos, wuce da ita Sabon Wuse, inda tireloli ke kwana."

"Oga, Suleja aka rubuta."

"Ni na rubuta."

Ya bi ta can da rana. Ta yi kyau, amma tana da ƙara, kuma motar Yahaya kullum sai ta kai kaya kasuwar Sabon Wuse. In direbansa ya ji gurnanin nan, kafin la'asar labari ya kai Kano, Yahaya ya samu kwana uku na gyara fuskarsa. Bamalli kuwa fuskar yake so ya gani kafin a gyara ta.

"Kashe injin. A rufe ta da tamfol."

"Oga, kifi ne fa."

"Ni za ka gaya wa kifi? Wannan ƙanƙarar Turawa ce, daga ƙasar da rana ba ta fitowa. Kwana uku me zai yi mata?"

Amos ya ciro wayarsa ya danna. "Oga, don Allah maimaita, in naɗa."

Bamalli ya maimaita, har da gyaran murya. Watan Maris ne. Tamfol ɗin baƙi ne.

Ranar Juma'a da safe aka yaye tamfol aka tayar da injin. Ana saukowa daga masallaci tirela ta shigo layin a hankali, Bamalli na tsaye cikin babbar riga, an jera benci, an kawo lemo. Yahaya ya tsallako da sauri.

"Masha Allah! Ka ga ta ubangida, ta ninka ta bawa! Allah ya sanya albarka."

Abin takaicin, da gaske yake. Bamalli ya duba fuskar nan ko'ina bai samu abin da ya sayar da fili dominsa ba.

Yahaya ya zagaya kwantenar yana shafa ta. A baya ya tsaya. Ruwa na ɗiga daga ƙasan ƙofa, ja-ja, ƙudaje sun riga kowa isowa. Ya koma gaba ya ɗaga kai ya karanta wani ƙaramin allo mai nuna sanyi a jikin injin, wanda Bamalli bai san da shi ba. Sannan ya jawo shi gefe, ya ajiye wasan.

"Yaya, yaushe aka kashe ta?"

"Wa ya ce an kashe?"

"Kada ka buɗe a gaban matan nan. Kifin da ke tsakiya yana da sauran rai. Ɗakinka ba zai ɗauki rabi ba, nawa kuwa kusan babu kaya. A juya tirelar ta baya mu kwashe yanzu, babu wanda zai ji."

Bamalli ya hango kifinsa kwance a ɗakin bawa, ya hango kansa yana tsallaka titi kullum yana sallama kafin ya taɓa kayansa.

"Ruwan teku ne," ya ce da ƙarfi yadda na kan benci za su ji. "Haka manyan suke yi in sun yi doguwar tafiya. Taka ƙarama ce, shi ya sa ba ka sani ba. Amos, buɗe!"

Aka buɗe. Na kan benci suka tashi tsaye, ba don girmamawa ba. Wata mai suya ta yage katan ta danna titus da babban yatsa, yatsan ya shige. Ta goge a zaninta, ta ce Allah ya kawo kasuwa, ta tsallaka titi. Sauran suka bi ta.

Abin da ɗakinsa ya ɗauka aka tura ciki. Na sama da na bakin ƙofa aka haƙa musu rami a bayan gari. Sauran, wanda ya saki amma bai gama lalacewa ba, Bamalli ya sa aka loda a a-kori-kura uku aka kai unguwar Chaza, gidan yayarsa Uwani, wadda ke bandar kifi a kan ganguna biyu tun rasuwar mijinta.

"Yaya, ga ɗan kifi nan ki taimaka ki kyafe. Na ƙasar waje ne."

Uwani ta dubi motocin, ta dubi gangunanta. Ta aro ganguna shida a unguwa, ta kira matan maƙwabta. Kwana biyar hayaƙi bai ɗauke daga gidan ba, idanunta suka kumbura, muryarta ta dushe, ta bi gida gida tana ba da haƙuri saboda wari. Nata cinikin ya tsaya.

A rana ta shida Bamalli yana shagonsa yana bayyana wa masu shan shayi bambancin tekun Norway da na Namibiya. A Chaza kuwa mai itace ya yi sallama, ya ce kuɗin lodi huɗu yake bi, ko ya je wajen Alhaji?

"Bar shi, yana da hidima," in ji Uwani.

Ta shiga ɗaki, ta ɗaga katifa, inda take ajiye 'yan kuɗinta.