Maus a Hannun Hagu

"Miƙe hannun sosai, Baba. Yanzu ja yatsun baya, ka ƙirga ashirin."

Baba Sakatare ya miƙa hannun hagu yana cije leɓe. Shekara talatin ya yi yana buga takardun ofis. Da ya yi ritaya sai ya kafa kwamfuta a ɗakin ƙofar gida, yana buga wa ɗalibai ayyukansu. Maƙwabcinsa mai ba shi wannan umarni, wanda unguwa ke kira Injiniya tun dawowarsa daga karatu, shi ma a gaban kwamfuta yake wuni, ya kuma taɓa fama da ciwon gwiwar hannu har ya rabu da shi.

Wata biyu da suka wuce, da gwiwar hannun dama ta addabi tsohon, Injiniya ne ya ƙara masa matashi a kujera, ya naɗe masa tawul ya riƙa ɗora gwiwar, ya mayar masa da maus ɗin kwamfutar ɓangaren hagu don dama ta huta. Ciwon ya tafi. Ba wanda Baba bai ba labari ba a layin.

Yanzu kuma hagun ce.

"Har kafaɗa yake hawa," in ji Baba. "Wani lokacin har muƙamuƙi."

Matarsa na tsaye bakin ƙofa, mayafi a hannu. "Jiya daga ɗaukar bokiti gumi ya wanke shi. Ɗana, ko mu kai shi asibiti?"

"Ga likita a gida, wane asibiti?" Baba ya ce. "Ke dai so kike a ga sabon mayafinki."

"Mayafina ya fi ka lafiya, tsoho."

Injiniya ya dubi agogo. Saura minti goma ya shiga taron aiki.

"Mama, hannun ne bai saba ba. Ni ma haka na yi. A gasa da ruwan ɗumi, ya riƙa tashi duk bayan rabin awa. Ku ba shi mako guda."

Ta dube shi ɗan lokaci. Sannan ta rataye mayafin a ƙusa.

Ranar Laraba da hantsi aka buga ƙofar Injiniya. Abin sauraro na kunnensa, sai a bugu na uku ya ji. Shi ya tuƙa su zuwa asibiti. Kafin su isa, Baba ya cika.

"Zuciya ce," in ji likitar. "Ya yi kukan ciwon hannun hagu?"

"Ya yi," Mama ta ce.

"Tun yaushe?"

"Yau kwana shida."

Likitar ta rubuta wani abu. Mama ba ta waiwayi Injiniya ba. Da ta waiwaye shi da ya fi masa sauƙi.

Mako guda yana kauce wa ƙofar gidan. Sai Mama ta aika masa: akwai aikin wata ɗaliba a cikin kwamfutar, ita kuwa ba ta san inda ake taɓawa ba.

Ya shiga ya tsaya. Mayafin na nan a ƙusarsa.

"Mama, ranar nan da kika ce a je asibiti, ni ne na..."

"Bai taɓa fashin ƙirgen nan naka ba," ta ce tana goge ƙura a kan firinta. "Da ƙarfi yake yi, don in ji in daina mita. Ranar ma ina wanki ina jin sa. A sha huɗu na ji shiru."

Ta nuna masa kwamfutar.

"Fitar wa yarinyar takardarta, gobe za ta miƙa."

Ta fita. Ya zauna a kan matashin, ya kunna kwamfutar. Hannunsa na dama ya lalubi tebur, babu komai. Maus ɗin na can hagu inda shi da kansa ya ajiye shi, gefen tawul ɗin da har yanzu tsakiyarsa ke a lotse, daidai faɗin gwiwar hannu.