Kabarin Talatu a Bakin Gonar Riɗi

Yabo ya tabbata ga Allah Uba, mai ji ko da ya yi jinkirin amsawa. Ya Ubangiji Yesu, ka daidaita harshen bawanka.

A kakar riɗi ne Talatu, matar Iliya, ta rasu a wata babbar gona ta yankin Fashaga inda suka je ƙwadago. Cikin ma'aikatan duka, su biyu ne kaɗai Kirista. Zazzaɓin kala'azar ya daɗe yana cin ta. Iliya ya yi azumi, ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, bai ga sauƙi ba.

Abin da ta bar masa wasiyya shi ne a kai ta garin Gadarif, fasto ya yi mata addu'a, a kwantar da ita kusa da kabarin 'yarsu. Ya je neman mota wurin Eltayeb, wakilin mai gona.

"Al-baraka fikum, ya zol," in ji Eltayeb, yana yi masa ta'aziyya da Larabci. "Amma ka san riɗi. In ya bushe a tsaye kwanso ya fashe, ƙasa ce za ta ci. Mota ba ta motsawa sai an gama yanka."

Iliya ya ɗauki diga ya nufi gefen gona shi kaɗai. Baƙar ƙasar nan ta tsattsage, ta yi tauri kamar dutse. Yana sara yana magana da Mahaliccinsa: "Tun ina yaro nake bin ka. Ka ɗauke 'yata na yi shiru. Ka hana Talatu lafiya, yanzu ko akwati ka hana ta. Ashe riɗi ya fi ta daraja a gabanka?"

Sai ga Husain, abokin yankansa, da wasu mutane, sun ajiye laujensu.

"Kauce, Iliya," in ji Husain. "Kai da lauje ma ke ba ka kashi, ina kai ina diga?"

Suka haƙa har rana ta take. Asha mai dafa wa ma'aikata abinci ta wanke Talatu, ta naɗe ta da farin mayafinta. Da aka kawo gawar Husain ya dubi ramin, ya dafe kai.

"Innalillahi! Ɗan'uwa, irin namu muka haƙa. Ga shi matsattse, ga ƙaramin ramin kwantar da gawa a ciki, ya fuskanci alƙibla. Hannu ya saba. Mu sake?"

Iliya ya dubi zafin rana, ya dubi gawar. Cikin abin da ta roƙa ko ɗaya ba ta samu ba.

"Ku bar shi," ya ce.

Suka saka ta, suka ja da baya suna jiran ya yi addu'arsu ta Kirista. Ya buɗe baki bai sami komai ba sai ƙorafi. "Ka yashe ni," ya ce a fili, a gaban jama'a.

Da kalmar ta fita ya tuna cewa Almasihu ma da irin wannan kuka ya cika a kan gicciye, kuma kabarin wani aka ara aka sa shi, daga can kuwa ya tashi. Zuciyar Iliya ba ta huce ba, wasiyyar kuma ba ta cika ba. Amma ya iya cewa, "Ga ta nan, Ubangiji. Ka san inda take." Sannan ya ɗebi ƙasa ya fara zubawa.

Allah ya hutar da Talatu da dukan waɗanda suka riga mu. Kai kuma mai karatu, ranar da ka kira ka ji shiru, Ubangiji ya riƙe ka har ka ga amsa. Amin.