Goran Sa'idu, Shaidar Kolo

Wanda bai ga mashigin ruwan nan na gabas da Haɗejia ba a zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, to ya ja bakinsa in ana zancen ruwa. Mu da muka gani, muka kuma binne waɗanda muka gani tare, mu ke da ta cewa. Kogi ne in ya kawo sai ya haɗiye fadama ya bar gonaki a tsibirai, mai shinkafa a ƙetare ba shi da abin hawa sai gora. Ba goran fura ake nufi ba. Ƙaton duma ne wanda ƙato ba ya iya rungumewa, a fafe masa ɗan baki a sama, mutum ya kifa cikinsa a kai ya yi ta tuƙi da hannu da ƙafa. Masunci ma a ciki yake jefa kifinsa. In gora ya sha ruwa a tsakiyar kogi, sai dai wani ya ba da labari.

Sa'idu mai gora gadon sana'ar ya yi. Abin da ke riƙe da gidansa kuwa cinikin Baba Auta ne, Sarkin Ruwan mashigin. Kowace shekara, kafin ruwa ya janye a shiga su, wato kamun kifi na gayya, Auta ne ke saya wa masuntansa goruna gaba ɗaya a hannun mutum guda, kuma tun uban Sa'idu na da rai hannun nan bai sauya ba. Da wannan ciniki Sa'idu ke tafiya yana buɗa hannuwa a kasuwa.

Sai ga wani dogon Babarbare ya ɓullo daga gabas da jaki, wai shi Kolo. Ya sauke gorunansa a gindin giginya, jifa ɗaya daga rumfar Sa'idu, ya gaishe shi da “Ushe, ushe,” yana dariya haƙora waje. Sa'idu ya amsa da ka. Mutumin da Hausarsa ba ta raba mace da namiji, shi ne zai sayar da gora a bakin ruwan ubannin wasu?

Ashe Kolo da wata ɗabi'a ya zo. Ba ya miƙa wa mutum gora sai ya tuɓe riga ya hau shi, ya ƙetare ya dawo mai saye na kallo, sannan ya kifa shi a nuna babu ɗigon ruwa a ciki. Daga nan ya ɗauko ƙarfe daga wuta ya yi masa shaida a kusa da baki, zane kamar sawun tsuntsu.

Da fari dariya aka yi masa. Sa'idu ya fi kowa.

“Ku zo ku ga mai sayar da gora da wankan safe!” in ji shi. “Babarbare, in ƙaiƙayi ke damunka ka faɗa, a nemo maka sabulun salo.”

“Ya Sa'idu,” in ji Kolo yana matse bante, “abin da ba zan hau ba, ɗan wani ba zai hau ba.”

Dariyar ba ta daɗe ba. A damina ta gaba wani manomi ya sayi gora a hannun wani ɗan koli mai wucewa, ya shiga ruwa, ba a same shi ba sai can ƙasa cikin bado. Baba Auta ya tara mutane a bakin mashigi ya kafa doka. Duk mai sayar da gora a nan sai ya hau ya ƙetare a gaban mai saye, sai ya sa shaidarsa. Goran da ya sha ruwa, mai shaida ne da laifi, ya kwashe kayansa ya bar bakin ruwa.

Dokar ba ta dami Sa'idu ba kamar sunan da aka ba ta. Ba wanda ya ce dokar Sarkin Ruwa. Sai dai ka ji ana cewa, “An yi wa goran nan kolo?” Har tsofaffin da suka yi goyon Sa'idu sukan tsaya a rumfarsa, su ƙwanƙwasa gora da yatsa, su ce, “Sa'idu, a yi mini kolonsa in gani.”

“A rumfata? Sunan wa kika kira a rumfata, Iya?”

“Yo me na ce? Gwaji na ce.”

“To ki ce gwaji!”

Yakan yi gwajin dai, tunda doka ce, amma iyakarsa inda ruwa ya kai ƙugu, ya juyo yana tsaki. Kullum idonsa na gindin giginya. In Kolo ya yi ciniki, Sa'idu ya ji kamar daga aljihunsa aka zara. In Kolo ya yi dariya, to da shi ake. Har tuwo ya daina yi masa daɗi. Da kaka ta gabato ya je gaida Baba Auta ya ɗauko zancen gorunan su, sai tsohon ya ci gaba da ɗinkin komarsa ta kamun kifi bai ɗago ba, ya ce, “Bana sai na duba tukuna.”

Uban Sa'idu bai taɓa jin wannan kalma daga bakin Auta ba. Sa'idu ya tashi ya fito.

A cikin gorunansa akwai wani babba mai kyau, mai baƙin tabo a gefe, wanda ƙwaro ya huda a ƙasa, huda kamar a zura ɗan yatsa. Da ma ya ajiye shi don zuba hatsi. Rannan da hantsi ya shiga da shi zaure ya tura ƙyaure. Ya narka kakin zuma, ya cuɗa da garin ɓawon duma har launi ya zo ɗaya, ya toshe hudar, ya goge da tsumma. Ko shi da ya yi sai da ya laluba kafin ya gane wurin. Ya san halin Kolo sarai, da sassafe yake gwaji, lokacin da ruwa ke da sanyi kaki na da tauri. Amma gora ya yini kan rairayi a rana, kaki ya yi laushi, ruwa zai tura shi ciki. Wa zai saya? Masunci mana, irin waɗanda suka fi kifi iyo. Zai jiƙe ya fito yana zagi, a duba shaida a ga sawun tsuntsu. Shi ke nan. Ba wanda zai mutu. Haka Sa'idu ya yi ta gaya wa kansa.

Ya haɗa shi da waɗansu lafiyayyu ya ɗora wa jaki, ya nufi gindin giginya, domin ya san kayan Kolo sun kusa ƙarewa saboda yawan masu saye.

“Babarbare, na ga kasuwa taka ce. Karɓi waɗannan a sari, na gaji da kallonsu.”

Kolo ya miƙe tsaye don murna. “Ya Sa'idu, ashe kina ƙaunata!”

“Kana, ake cewa. Ni ba matarka ba ce.”

Kashegari Sa'idu ya ƙi fita da wuri, don kada a ga idonsa a wurin. Sai da rana ta take tsaka ya gangaro mashigi. Ruwa na nan cike, ja wur, yana gudu. Ga mutane jingim suna jiran ƙetarawa, domin tsuntsayen jan-baki sun sauka a shinkafa, kowa na son ya je kora. Can ya hango goran mai baƙin tabo a kan rairayi, rana na dukansa, ga sabuwar shaidar Kolo a bakinsa. Wadda ke tsaye kansa tana gyara goyo ba masunci ba ce. Sakinatu ce, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da jaririnta a baya.

Abu biyu suka soke shi lokaci guda, kuma wallahi ba zai iya rantsewa wanne ya fi zafi ba.

“Sakinatu! Goran wa ke nan?”

Ta sunkuyar da kai. “Yaya, ina wuni.”

“Ban tambaye ki wuni ba. Gidanmu goruna sun ƙare ne? Ki tsallake ɗan'uwanki ki je wurin baƙo?”

“Yaya, da goyo zan shiga.” Ta faɗa a hankali, amma na kusa sun ji. “Shi har ƙetare yake kaiwa. Kai iyakarka ƙugu.”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Sa'idu ya sunkuya ya juya goran kamar mai dubawa. Wurin kakin ya yi naso, yana ƙyalli. Da zai ɗauki dutse ya fasa shi nan take, da Sakinatu ta tsira, amma sai a ce hassada ce ta haukata shi, Kolo kuma ya fita fes. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya ji daɗin kansa. In shi ya hau goran ya nutse a gaban wannan taro, ƙanwarsa ta kuɓuta, Babarbare kuma ya kwashe kayansa.

“Har ƙetare ko? To tsaya ki ga kayan gwanin naki!”

Ko riga bai tuɓe ba. Ya tura gora ya faɗa kai ya kama tuƙi. Bai kai tsakiya ba ya ji ƙulul-ƙulul a ƙarƙashin cikinsa, gora ya soma nauyi. To, nan ya so. Ya ɗaga hannu ya yi kururuwa yadda kowa zai ji. Abin da bai lissafa ba shi ne rabonsa da tsakiyar kogi tun yana saurayi. Gora ya kife, ruwa ya fizge shi, riga ta naɗe masa kai, ciyawar ruwa ta kama ƙafarsa. Kururuwa ta biyu ba ta dabara ba ce. Ya sha, ya ɓullo, ya sake sha. Sai ya ji an damƙi wuyan rigarsa an ɗora haɓarsa a kan wani gora. Da ya buɗe ido, haƙoran nan ne dai na Kolo.

“Riƙe da kyau, Ya Sa'idu. Kada ki saki.”

A gaɓa aka danna masa ciki ya amayar da ruwa. Masunta suka jawo goran da ya nutse suka ajiye gaban Baba Auta. Numfashi na dawo wa Sa'idu ya nuna da yatsa.

“Baba, a duba! Shaidar wa ke jiki?”

Auta ya dubi Kolo. Kolo ya durƙusa, ruwa na zuba daga jikinsa.

“Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na hau, ni na sayar.”

“Ka san doka.”

“Na sani. Zan kwashe. Amma a yi mini haƙuri zuwa la'asar. Wannan gora da 'yan'uwansa ya zo, Ya Sa'idu ya ba ni su a sari jiya, na sayar da su duk yau da safe. Suna can ƙetare a hannun mutane, akwai mai yara. In wannan ya yi haka, ban amince da sauran ba. Bari in bi su ɗaya-ɗaya in karɓo in ba su waɗansu, kada su hau su dawo. Sannan in tafi.”

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wata tsohuwa ta ce, “Allah sarki, ana korarsa yana ta ran mutane.” Wani ya ce irin wannan ai ba a kora. Masunta suka soma jan gorunansu za su raka shi. Har Sakinatu, wadda ɗan'uwanta ke kwance a jiƙe a gabanta, Kolo take kallo tana share ido da bakin zane.

Sa'idu ya ga abin da ya haɗa yana juyewa. Shi ya sha ruwa, shi ya kusa mutuwa, amma Babarbare ake sa wa albarka. Zai ma ƙetare ya yi ta yawo gona-gona ana ganinsa, a yi shekara ana labari. Abin ya taso masa tun daga ciki, bai san sa'ad da ya fito ba.

“Burga ce kawai! Ba sai ya je ko'ina ba, sauran lafiyarsu lau. Wannan kaɗai ne mai huda!”

Kowa ya juyo ya dube shi.

Baba Auta ya juya goran a hankali. Ya sa farce a bakin hudar ya kankaro abin da ya saura, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Sannan ya dubi Sa'idu.

“Ɗana, ban riga na ce huda ba ce. Ban ma juya shi ba sa'ad da ka faɗa.”

 Sakinatu ta ja da baya, ta kai hannu ta dafe goyonta.

“Kolo, je ka karɓo su duk da haka,” in ji Auta. “Maganar Sa'idu ba abar hawa ba ce. Daga yau kuma gora sai ya sha rana kafin a gwada shi, wannan kuskurenka ne, ka riƙe. Kayanka su zauna inda suke. In ka dawo ka same ni a gida mu yi zancen gorunan su.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Kai kuwa Sa'idu, albarkacin ubanka ba zan kai ka gaban alƙali ba. Kafin magariba kada in ga rumfarka.”

Mutane suka watse zuwa bakin ruwa. Ba wanda ya tsaya ko don ya zage shi. Sa'idu na zaune a rairayi, riga ta manne masa, yana kallon Kolo ya faɗa kan gora masunta na biye da shi. Dogayen hannuwan nan na shiga ruwa suna fita ba ko fantsama, gora na tafiya sak kamar an ja shi da igiya. Sa'idu ya tofar da yawu mai ƙasa-ƙasa.

“Ko tuƙin ma,” ya ce, “na nuna wa mutane ne.”