Kwamfutar da Ta Ƙi Mutuwa

Surukin nasa bai yi sallama ba. Kwamfutar ya fara jefowa kan teburin gyara, har kwalin ƙananan kusoshi ya tuntsure ƙasa.

"Ka kashe min wannan abar."

Injiniya ya ɗago kai. Mijin ƙanwarsa ne, direban babbar mota, wanda abokai ke kira Tanka, kuma sunan bai zalunce shi ba. Kwamfutar kuwa Injiniya ya san ta kamar tafin hannunsa. Tsohuwa ce da wani ya yar, Injiniya ya share ta, ya ɗora mata tsarin aiki na Linux, ya ba ƙanwar tasa Auta don ta riƙa buga wa ɗalibai takardu a gida. Yanzu gefen murfinta ya tsage, an ga shatin dunƙulallen hannu a jikin robar.

"Me ta yi?"

"Tun safe take kuka a kan firji. Na rufe murfi, fanka na juyawa. Na ce ta mutu, ta ƙi. Na bubbuga ta, ta ƙi. Da maɓallin bai shige ciki ba, da tuni na gama da ita."

"Kai ka tura shi ciki ai," in ji Injiniya. "Ba a danna maɓalli da guduma."

Ya jona mata wuta, ya umarce ta da ta rufe. Allon ya yi kamar zai bi umarni, sai ya dawo. Ya sake, ta sake dawowa. A irin wannan tsarin kwamfuta ba ta ƙin mutuwa haka kawai, sai in wata manhaja ta riƙe ta, ta ce tana tsakiyar aiki. Ya buɗe baƙin allon rubutu, ya nemi jerin masu riƙon. Layi ɗaya ya fito: manhajar naɗar murya, tana aiki awa huɗu ke nan.

Wata guda da ya wuce Auta ta tambaye shi, tana wasa da bakin mayafinta, yadda ake hana kwamfuta barci in an rufe murfi. Ya koya mata yana tsokanarta wai ta zama ƙwararriya. Ko sau ɗaya bai tambayi dalili ba, shi da yake taƙamar gane ciwon inji daga ƙararsa.

"Zan saurari fankar," ya ce, ya cusa abin sauraro a kunne, ya kunna naɗin.

Tanka bai san ƙarar fanka ba ta bi ta wayar abin sauraro ba. Ya tsaya yana huci a kansa.

Da farko ƙarar cokali ce a kofi. Sai muryar Tanka tana tambayar ina makullin mota. Sai mari, mai nauyi, irin wanda ke juya mutum. Kujera ta faɗi. Wani abu ya daki bango sau uku, kuma a na ukun ne Injiniya ya gane kan ƙanwarsa ne. Ba ta yi ihu ba. Abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Yara za su ji."

Bai san lokacin da hannunsa ya kai kan dogon sukudireba ba. Wuyan Tanka yana nan kusa, jijiya na harbawa a ƙarƙashin haɓa, tazarar ba ta fi kamu biyu ba. Ya so ya yi, so na gaske.

"Me ka ji?" in ji Tanka.

"Ƙura ce ta cika ta."

"Ƙura ce ke hana ta mutuwa?"

"Kai ka san mota, ni na san wannan."

Ya ajiye sukudireban. Ya zura ɗan filas na ajiyar bayanai ta gefen da jikinsa ya kare, ya tsayar da naɗin yadda ya kamata don kada ya lalace, ya kwafe shi. Akwai wasu goma sha ɗaya a wurin, kowanne da kwanan watansa. Ya kwashe su duka, ya goge na cikin kwamfutar. Sannan ya sake ba ta umarni. Rubutu ya gangaro, allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya.

Tanka ya yi dariya, ya daki murfin da tafin hannu. "Ka gani? Duk mai taurin kai, in ya ji hannu sai ya yi laushi."

"Ina za ka yanzu?"

"Lodi. Sai yamma zan koma gida." Ya saɓa kwamfutar a hammata ya fita.

Injiniya ya jira har ƙarar motar ta ɓace. Ya jefa filas ɗin a aljihun gaba, ya ja ƙofar shago da rana tsaka, ya bar kusoshin a warwatse a ƙasa. Ya buga wa Auta waya, sai a kira na uku ta ɗauka.

"Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa, kamar bakin ya kumbura. "Ta gyaru?"

"Na ji abin da ke damunta," ya ce. "Ki sa wa yara takalma, ga ni nan."