Sabon Inji a Tsohuwar Tasi

Ranar da injin tasin surukinsa ya buga, Baba Makanike ya ce a turo motar garejinsa, kada a kai wa kowa. Surukin nan mijin autarsa ne, mutum mai kawaici, kuma da tasin nan yake riƙe gidansa.

Suka zaga kasuwar kayan mota har ƙafa ta gaji, ba su sami inji na shekarar motar ba. Sai wani dillali ya nuna musu na ƙanwarta, wadda aka fitar 'yan shekaru bayanta. Baba ya tsuguna ya shafa ƙafafun injin, ya leƙa inda giyabos zai kama.

"Uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji shi. "Zai zauna."

"Kai ka sani, Baba," surukin ya amsa.

Ya kuwa zauna daram, kowane noti ya faɗa raminsa. Tsohon injin ma Baba ya bar wa masu sayen ƙarafa, suka farfasa shi. Sai da aka zo haɗa waya aka ga bakin soket ɗin injin daban, na motar daban. Baba ya yanke, ya bi launi ya ɗaura. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari, ya kama, ya mutu. Ya sake, haka. Ya canza filogi, ya wanke famfon mai, ya aro batir, duk kanwar ja ce.

Da abin ya fi ƙarfinsa ya kira mai gyaran waya na bakin titi. Mutumin ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ƙwaƙwalwar motar ce ba ta san injin ba. Sai an samo ta shekararsa."

"To kwance ta mu ga abin da ke ciki."

"Ai ba a kwance ta, Baba. Ba kabureta ba ce."

Baba ya dubi sifanar da ke hannunsa.

Aka sha wuya aka samo ƙwaƙwalwar. Motar ta tashi, har Baba ya yi dariya. Suka fita gwaji shi da surukin, amma giya ta ƙi wuce ta biyu, kuma suna isa mahaɗar hanya motar ta mutu a tsakiyar titi. Ana ta danna musu hon, wani direban babbar mota ya leƙo ya ce, "Tsoho, a kai ta wajen makanike mana!" Da hannu suka turo ta gareji. Mai waya ya ce yanzu kuma giyabos ɗin ne bai dace da sabuwar ƙwaƙwalwa ba, in an canza shi ma bai yi alkawari ba.

Kullum da safe surukin zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a benci, ba ya tambayar komai. Da zagi ya yi, da Baba ya fi samun sauƙi.

Ran nan autar ta zo da kanta, goye da jaririnta.

"Baba, in ba za ta yi ba ka gaya masa. Yana jin nauyinka, kana jin nauyinsa, mu kuma tukunya ta kusa yin sanyi."

Da surukin ya zo washegari, Baba ya zauna kusa da shi, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ɗana, na kai iyakata. Ban san kan motar nan ba."

"Haba Baba, ai ka yi ƙoƙari," surukin ya ce. "Akwai mai neman direban bas. Zan je in gan shi."

Suka tura tasin ƙarƙashin rumfa, bayan wata motar da ciyawa ta fara cinye tayoyinta. Surukin ya ciro darduma da kofin shayinsa daga ciki, ya yi sallama, ya bi bakin titi a ƙasa.